Auna Musulunci da mudun Hindu: me ke shiga, me ke zubewa?

Kusan kowace shekara, musamman idan watan Mauludi ya kama, sai wani saƙo ya sake zagayowa a wayoyin jama'a, wai manyan malaman addinin Hindu sun amince cewa Kalki, wanda littattafansu suka yi alkawarin zuwansa a ƙarshen zamani, ba kowa ba ne face Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Masu tura saƙon da kyakkyawar niyya suke yi, domin babu Musulmin da ba ya jin sanyi a ransa idan aka ce masa ko waɗanda ba sa bin Annabi sun shaida gaskiyarsa. Tun da Dakta Zakir Naik ya shahara a wajenmu ta tashar Peace TV, har ya zo Sakkwato a 2023, matasa da dama sun haddace lambobin surori da baitocin littattafan Hindu suna kafa hujja da su.

Tambayar da ke gabanmu kashi biyu ce. Ta farko ita ce ko wannan magana ta Kalki tana da tushe. Ta biyu, wadda ta fi ta farko girma, kuma Musulmin Indiya suka shafe fiye da shekara dubu suna fama da ita, ita ce ko ana iya bayyana Musulunci da kalmomi da hikayoyin addinin Hindu ba tare da an taɓa asalinsa ba. Abin da na fahimta shi ne mutane suna cakuɗa ayyuka daban-daban a ƙarƙashin suna ɗaya. Aron kalmar mutum don a fahimtar da shi abu ne daban, tonon littafinsa don neman hujja abu ne daban, haka kuma shigar da Musulunci cikin tsarin Hindu har ya zama ɗaya daga cikin rassansa wani abu ne na uku.

Abin da ake kira addinin Hindu

Kalmar Hindu ba daga littattafan addinin ta samo asali ba. Farisawa ne suka riƙa kiran mutanen da ke zaune a yankin kogin Sindu da ita, daga baya ta zama sunan addini. Addinin ba shi da mutum ɗaya da ya kafa shi, ba shi da littafi ɗaya tak, kuma ba shi da kalmar shahada da kowa ya haɗu a kanta. Mafi tsufa cikin littattafansa su ne Beda guda huɗu da aka tsara da harshen Sanskirit, kuma na farkonsu, Rigbeda, ya girmi zamanin Annabi Isa da fiye da shekara dubu. Bayan su akwai Upanishad, masu zurfafa tunani a kan haƙiƙar samuwa, sai Purana masu ɗauke da hikayoyin alloli da na sarakuna, sai dogayen waƙoƙin nan biyu, Ramayana da Mahabharata, waɗanda daga cikinsu ne masu kallon fina-finan Indiya suka san sunayen Rama da Sita da Kirishna.

Akwai kalmomi kaɗan da sai an san su kafin a gane inda gardamar take. Barahman ita ce haƙiƙa ta ƙarshe wadda ba ta da farko ba ta da ƙarshe, kuma kada a rikita ta da Barahma, ɗaya daga cikin alloli, ko da Barahmin, wato jinsin malaman addini. Atman ita ce ran mutum. Awatar yana nufin saukowa, wato abin bauta, galibi Bishnu, ya sauko duniya cikin jikin mutum ko na dabba don ya gyara ɓarna, kuma a lissafin da ya fi shahara saukowar goma ce, Rama da Kirishna suna ciki, Kalki shi ne na goma da ake jira. Karma ita ce sakamakon aiki da ke bin rai, samsara ita ce maimaituwar haihuwa da mutuwa, mokisha kuwa ita ce kuɓuta daga wannan kewaye.

Ko a tsakanin malaman Hindu ba a haɗu a kan dangantakar Barahman da rai ba. Shankara, wanda ya rayu wajen ƙarni na 8, ya koyar da cewa su biyun abu ɗaya ne, bambancin da ake gani ruɗi ne. Ramanuja, wanda ya zo bayansa da ƙarni uku, ya ce rayuka da duniya na gaske ne amma kamar jiki suke ga Ubangiji. Madhwa a ƙarni na 13 ya dage cewa Ubangiji daban, rai daban, har abada. Saboda haka duk wanda ya ce zai auna Musulunci da mudun Hindu, sai a fara tambayarsa wane mudu daga ciki.

Haɗuwar farko

'Yan kasuwar Larabawa sun saba da gaɓar Kerala tun kafin Musulunci, amma matsalar ta zama ta shari'a ne lokacin da Muhammadu bin Ƙasim ya ci ƙasar Sind a 712. Ya tarar da jama'a masu bautar gumaka, ba Yahudawa ba, ba Kiristoci ba, sai ya ɗauke su a matsayin 'yan amana, suka biya jiziya, aka bar musu wuraren bautarsu. Mazhabar Hanafiyya da ta mamaye Indiya daga baya ta amince da haka, kamar yadda Malikiyya ta amince da karɓar jiziya daga waɗanda ba Ahlul Kitabi ba, bisa misalin yadda aka yi da Majusawa. Mu ma a nan muna da irin wannan tarihi, domin masana da yawa suna ganin daga kalmar Majus aka samo sunan Maguzawa. Sai dai wannan hukunci na zaman tare ne, bai ce komai a kan ingancin aƙidarsu ba.

Wanda ya fara zama ya karanci aƙidar da gaske shi ne Abu Raihan al-Biruni, wanda aka haifa a Khwarizm a 973. Ya koyi Sanskirit, ya zauna da malaman Hindu, ya fassara littafin Patanjali na yoga zuwa Larabci, sannan wajen 1030 ya kammala babban littafinsa a kan Indiya. Tun a gabatarwa ya faɗa cewa ba littafin raddi yake rubutawa ba, zai kawo maganarsu ne yadda suka faɗe ta. Ya bayyana cewa masu ilimin cikinsu sun yarda da Ubangiji ɗaya marar farko marar ƙarshe, gumaka kuwa na gama-garin mutane ne da ba sa iya riƙe abin da ido bai gani ba. Amma bai ɓoye bambancin ba. Ya ce kamar yadda kalmar shahada take alamar Musulmi, imani da uku-cikin-ɗaya alamar Kirista, Asabar alamar Bayahude, haka imani da sake haihuwar rai yake alamar ɗan Hindu. Bai kuma ji tsoron rubuta cewa hare-haren Sarki Mahmudu na Gazna, wanda shi kansa yake ƙarƙashinsa, sun ƙara wa mutanen Indiya ƙin Musulmi ba. Ni dai har yau ban ga wanda ya fi shi adalci a wannan fage ba, ga shi kuwa bai sassauta ko kaɗan a nasa addinin ba.

Aron kalma don isar da saƙo

Yawancin Musulmin Indiya da Pakistan da Bangaladash ba jikokin Larabawa ko Turkawa ba ne, 'yan ƙasa ne da kakanninsu suka musulunta. Manomin shinkafa a Bangal da ya karɓi Musulunci shekara ɗari biyar da suka wuce ba ya jin Larabci, ba ya jin Farisanci, kuma duk kalmomin da yake da su na magana a kan Ubangiji da lahira da tsarki daga tsohon addininsa ya gaje su. Wanda zai karantar da shi ba shi da zaɓi sai ya fara daga nan.

Wannan shi ne aikin da Sayyid Sultan, wani malamin Sufaye na yankin Chittagong, ya yi kimanin shekara ɗari huɗu da suka wuce a cikin doguwar waƙarsa ta harshen Bangal mai suna Nabibangsha, wato zuriyar annabawa. Ya kira Allah da sunan Niranjan, ma'ana marar aibi, kalmar da masu sauraronsa suka riga suka sani. Ya yi amfani da kalmar awatar a gefen kalmar annabi. Abin da ya fi jan hankali shi ne ya sanya Hari, wato Kirishna, a cikin jerin waɗanda aka aiko, amma ya nuna shi a matsayin wanda Iblis ya yaudara har mutane suka koma bauta masa, don haka aka ci gaba da aiko wasu har aka rufe da Annabi Muhammadu. Wato ya shiga gidan hikayarsu ne ya juya ƙofarsa ta fuskanci alƙibla. Malaman zamaninsa sun zarge shi da ƙasƙantar da addini saboda ya rubuta shi da harshen da suke ɗauka na 'yan Hindu ne, shi kuma ya kare kansa da cewa harshen da Allah ya halicci mutum a cikinsa shi ne dukiyarsa. Duk wanda ya san dalilin da ya sa Shehu Usmanu da Nana Asma'u suka yi wa'azi da waƙoƙin Fulatanci da Hausa zai gane wannan hujja, kuma aya ta 4 a Suratu Ibrahim ta riga ta faɗa cewa ba a aiko wani manzo ba sai da harshen mutanensa.

A kudancin Indiya kuma, wajen 1700, Umaru Pulawar ya tsara tarihin Annabi da harshen Tamil cikin baiti fiye da dubu biyar, ya kira shi Sirapuranam, wato ya haɗa kalmar sira ta Larabci da kalmar purana. Ya bi tsarin manyan waƙoƙin Tamil, har ya siffanta ƙasar Larabawa da koguna da gonakin shinkafa kamar ƙasarsa, kuma Musulmin Tamil sun daɗe suna kiran Alƙur'ani da kalmar da ake kiran Beda da ita, da ma'anar littafi mai tsarki. Babu wanda ya ce waɗannan mutane sun bar tauhidi. Mu da muke cewa Ubangiji a madadin Rabbu, da Farisawa da ke kiran Allah Khuda, salla kuma namaz, duk aron kalmar gida muka yi. A Kano ma an yi masu bege da bandiri, irin su Ushaƙu Indiya, da suka riƙa ɗaukar karin waƙoƙin fina-finan Indiya suna zuba yabon Annabi a ciki, kuma gardamar da aka yi a kansu ita ce dai wannan: shin ƙwarya tana canza abin da aka zuba mata?

Wani lokacin tana canzawa, kuma misalin da ya fi fito da haka shi ne na tafarkin da ake kira Satpanth a Gujarat da Sind. Masu wa'azin Isma'iliyya, wani reshe na Shi'a, waɗanda ake jingina wa Pir Sadruddin da zuriyarsa, sun tsara waƙoƙin da suka lissafa saukowar Bishnu guda tara kamar yadda 'yan Hindu suka sani, sannan suka ce ta goma ta riga ta faru, kuma Sayyidina Aliyu ne. A 1866, lokacin da jama'ar Khoja, masu bin wannan tafarki, suka yi shari'a a babbar kotun Bombay a kan ko su wane ne a addini, wannan waƙa tana cikin hujjojin da alƙali ya dogara da su ya ce mabiyan Aga Khan ne, shugaban Isma'iliyya. Daga baya shugabannin Isma'iliyya sun janye jama'arsu daga karanta ta. Wani reshen kuwa, na Pirana kusa da Ahmedabad, ya rabu gida biyu, zuriyar Sayyidai suna cewa wurin hubbaren waliyyi ne, mabiya masu yawa suna cewa su 'yan Hindu ne kuma wurin nasu ne. Gadar da aka gina don a haye zuwa Musulunci, wasu ta kanta suka koma.

Yariman da ya nemi mahaɗar tekuna biyu

A fadar Mugal, sarakunan Musulmi da suka mulki Indiya, al'amarin ya ɗauki wani salo. Sarki Akbar ya soke jiziya a 1564, ya gina zauren muhawarar addinai a Fatehpur Sikri a 1575, ya kuma sa aka fassara Mahabharata zuwa Farisanci. Amma wanda ya kai abin ƙarshe shi ne Dara Shiko, babban ɗan Shah Jahan mai ginin Taj Mahal. Dara ɗan ɗariƙar Ƙadiriyya ne, almajirin Mulla Shah, kuma wajen 1655 ya rubuta Majma'ul Bahraini, sunan da ya ɗauko daga Suratul Kahfi, inda ya jera kalmomin Sufaye da na malaman Hindu yana cewa bambancinsu na lafazi ne kawai. Ya daidaita ruhi da atman, ya ce Barahma shi ne Jibrilu, Bishnu shi ne Mika'ilu, Shiba kuma, wani babban abin bautarsu, shi ne Israfilu. A 1657, da taimakon malaman Banaras, ya fassara Upanishad kimanin hamsin zuwa Farisanci, ya kuma yi iƙirarin da ya girgiza malamai, cewa su ne ɓoyayyen littafin da aka ambata a aya ta 78 ta Suratul Waƙi'a, alhali jumhurun masu tafsiri sun tafi a kan Lauhul Mahfuzu ake nufi. Bayan ya sha kaye a yaƙin neman gadon sarauta, ƙanensa Aurangzeb ya sa aka kashe shi a Delhi a 1659 bisa hukuncin ridda, ko da yake kowa ya san kujerar mulki ce babban dalili.

Tun kafin Dara, Shaihu Ahmad Sirhindi na ɗariƙar Naƙshabandiyya, wanda ya rasu a 1624, ya riga ya tsaya a ɗaya ɓangaren. Da wani ɗan Hindu ya rubuto masa yana cewa Rama da Rahman suna biyu ne na abu ɗaya, sai ya amsa masa cewa wanda aka haifa, yana da uwa da uba da mata, ba zai taɓa zama Mahalicci ba. Abin lura shi ne daga cikin silsilar Sirhindi ɗin ne aka sami Mirza Mazhar Jan-i Janan na Delhi, wanda ya rasu a 1781, da ya ɗauki matsaya ta tsakiya. Ya ce tun da Alƙur'ani ya faɗa a Suratu Faɗir cewa babu wata al'umma face mai gargaɗi ya shuɗe a cikinta, ya kuma faɗa a Suratu Gafir cewa akwai manzannin da ba a ba da labarinsu ba, to ƙasa mai girman Indiya ba za a ce ba a aiko mata kowa ba, kuma mai yiwuwa Rama da Kirishna suna cikinsu, amma babu nassin da ya tabbatar, don haka kame baki ya fi, sannan duk wata shari'a da ta gabata zuwan Annabi ya shafe ta. A ganina wannan ita ce iyakar da Musulmi zai iya kaiwa da hujja: mai yiwuwa ne, amma ba a yanke ba.

To, maganar Kalki fa?

Wannan hujja ba tsohuwa ba ce kamar yadda ake zato. Maulana Abdul Haƙ Bidyarthi na Ahmadiyyar Lahore ya yaɗa irinta a shekarun 1930, sannan wani masanin Sanskirit mai suna Bed Parkash Upadhyay ya fitar da ɗan littafi da harshen Hindi a ƙarshen shekarun 1960 yana cewa Kalki shi ne Annabi Muhammadu. Kusan duk saƙonnin da ke yawo a yau daga waɗannan biyun aka kwaso su. Hujjojin su ne an ce sunan mahaifin Kalki Bishnuyasha, aka fassara shi da bawan Allah, wato Abdullahi. Sunan mahaifiyarsa Sumati, aka ce Amina ke nan. Za a haife shi ranar 12 ga wata, aka ce ranar Mauludi ke nan. Zai hau farin doki riƙe da takobi, aka ce Buraƙa ce.

Idan aka koma ga littattafan da kansu sai a ga ɗinkin bai kama ba. Bishnuyasha yana nufin ɗaukakar Bishnu, babu ma'anar bawa a ciki, Sumati kuma mai kyakkyawan hankali. Littattafan sun ce za a haifi Kalki a gidan Barahmin a garin Shambala, a ƙarshen zamanin da suke kira Kali Yuga, wanda tsawonsa a lissafinsu shekara 432,000 ne, kuma abin da ya wuce daga ciki bai fi dubu biyar da 'yan kai ba. Mafi muhimmanci, Kalki a wajensu ba manzo ba ne, Bishnu ne da kansa cikin jikin mutum. Musulmin da ya ce Annabi shi ne Kalki, ko bai sani ba, ya jingina masa abin da Alƙur'ani ya umarce shi ya kore wa kansa a ƙarshen Suratul Kahfi, inda aka ce ya faɗa cewa shi mutum ne kamarmu da ake yi wa wahayi.

Hujjar da ake ɗaukowa daga wani littafin mai suna Bhawishya Purana ta fi wannan rauni. Gaskiya ne akwai wani sashe a cikinsa da ya ambaci wani malamin baƙi mai suna Mahamada. Amma wannan sashen dai ya ambaci Adamu da Nuhu da Isa, ya ambaci sarakunan Mugal, har da Sarauniya Biktoriya da birnin Kalkata, abin da ya sa masana suka tabbatar cewa an yi ta ƙara masa bayanai har ƙarni na 19. Labarin abin da ya riga ya faru ne aka rubuta da sigar annabta. Bugu da ƙari, wanda ya karanta sashen har ƙarshe zai ga ba yabo ba ne, zagi ne mai muni da ba zan maimaita shi a nan ba, masu kafa hujja da shi baitocin farko kawai suke yankowa. Haka kalmar Narashansa da ke cikin Atharbabeda, wadda ake fassarawa da abin yabo, malaman Hindu sun san ta a matsayin kirarin da ake yi wa sarki mai kyauta. Akwai ma wani ɗan littafi da ake kira Allopanishad mai ɗauke da sunan Allah, wanda masana suka ɗauka an ƙirƙire shi ne a zamanin Mugal.

Alƙur'ani ya ambaci Attaura da Linjila da suna a matsayin littattafan da aka rubuta siffar Annabi a cikinsu. Bai ɗora mana neman sa a Beda ba, kuma gaskiyar annabcinsa ba ta jiran shaidar wani littafi da aka yi wa ƙari a zamanin Turawan mulkin mallaka.

Inda mudun ya kasa ɗauka

Akwai kamanni na gaske, bai kamata a musa ba. Chandogya Upanishad ya siffanta haƙiƙa da cewa ɗaya ce ba ta da ta biyu, kuma a Yajurbeda akwai baitin da ke cewa babu kamarsa, wanda kunnen Musulmi zai ji ya yi kusa da Ƙulhuwallahu. Sai dai ɗayantakar da Shankara yake nufi ita ce babu wani abu da ke akwai sai Barahman, har da kai mai karatu, alhali tauhidi yana tsaye ne a kan rabuwar Mahalicci da abin halitta: Shi Ubangiji ne, kai bawa ne, ko a Aljanna. Shahararren baitin nan na Rigbeda da ke cewa gaskiya ɗaya ce masu hikima ke kiranta da sunaye da yawa, a wajen ɗan Hindu izini ne na bauta ta hanyar kowane abin bauta, wanda kuma shi ne ainihin uzurin da Suratuz Zumar ta ƙi karɓa daga masu cewa ba sa bauta wa gumaka sai don su kusantar da su ga Allah.

Haka batun lahira. Musulunci rayuwa ɗaya ya sani, sai barzahu, sai tashin ƙiyama da hisabi a gaban Mai rahama da ke gafartawa idan ya so. Karma kuwa a tsarinta na asali tana bin rai daga jiki zuwa jiki. Binciken da cibiyar Pew ta Amurka ta fitar a 2021 ya nuna kashi 77 cikin 100 na Musulmin Indiya sun ce sun yarda da karma, daidai da adadin 'yan Hindu, amma kashi 27 ne kawai suka ce sun yarda da sake haihuwa. Wannan tazara tana nuna cewa yawancinsu abin da suke nufi bai wuce abin da Bahaushe ke nufi da alhaki kuikuyo ne ba. Amma kashi 27 ɗin ma ba kaɗan ba ne, kuma irin abin da Shehu Usmanu ya kira cakuɗawa ke nan lokacin da yake magana a kan masu haɗa Musulunci da al'adun da suka saɓa masa.

Abin da ya shafi talaka

Ga Bahaushe, amfanin sanin wannan a fili yake. 'Ya'yanmu suna karatu a jami'o'in Indiya, marasa lafiyarmu suna zuwa asibitocin Delhi da Chennai, 'yan kasuwarmu suna hulɗa da Indiyawa a Kano da Legas. Ɗalibin da ya tari abokin karatunsa ɗan Hindu da hujjar Bhawishya Purana, idan ya haɗu da wanda ya karanta littafin, zai sha kunya, kuma ya buɗe ƙofar da za a karanto masa zagin Annabi daga shafin da shi ya kawo. Wanda kuma ya ɗauka duk abin da ke cikin addinin bai wuce gunkin da yake gani a fim ba, ba zai iya tattaunawa da mai ilimin cikinsu ba, kuma yana iya faɗawa cikin abin da aya ta 108 ta Suratul An'am ta hana, wato zagin abin bautar wasu har su rama da zagin Allah.

Ga Musulmin Indiya kuwa, waɗanda ƙidayar 2011 ta nuna sun kai miliyan 172, kashi 14 cikin 100 na al'ummar ƙasar, maganar ta wuce muhawarar malamai, domin mudun nan ana juya shi ta ɗaya gefen. Wani marubuci mai suna P. N. Oak ya shafe shekaru yana yaɗa cewa Ka'aba tsohon wurin bautar Shiba ce, Taj Mahal ma haka, kuma duk da masana tarihi sun yi watsi da maganarsa, Kotun Ƙolin Indiya ma ta kori ƙararsa a kan Taj Mahal a 2000, har yau ana yaɗa ta a intanet. Shugaban RSS, babbar ƙungiyar masu kishin Hindu, Mohan Bhagwat, ya sha faɗa cewa duk mazaunin Indiya ɗan Hindu ne ta fuskar kakanni da al'ada. A irin wannan yanayi, cewa Annabi awatar ne na Bishnu ba yabo ba ne, hanya ce ta cewa Musulunci reshe ne da ya kamata ya koma ga uwarsa.

Garin Sambhal na jihar Uttar Pradesh, wanda 'yan Hindu da yawa suka ɗauka shi ne Shambalar da za a haifi Kalki, ya nuna inda wannan ke kaiwa. A Fabrairun 2024 Firaminista Narendra Modi ya aza harsashin wani babban wurin bauta na Kalki a gundumar, shaidar cewa masu littafin har yanzu jiransa suke yi. A Nuwamban shekarar wata kotu ta ba da umarnin a binciki babban masallacin Juma'ar garin, wanda aka gina a zamanin Sarki Babur, bayan wasu sun shigar da ƙara cewa a kan wurin bautar Bishnu aka gina shi. Ranar 24 ga watan rikici ya ɓarke tsakanin jama'a da 'yan sanda a lokacin binciken, aka rasa rayukan aƙalla mutum huɗu daga Musulmin garin. A watan Disamba Kotun Ƙoli ta dakatar da ƙananan kotuna daga karɓar sababbin ƙararraki irin wannan ko ba da umarnin binciken wuraren ibada, har sai ta yanke hukunci a kan dokar 1991 da ta ce kowane wurin ibada ya ci gaba da zama yadda yake a ranar da Indiya ta sami 'yancin kai a 1947.